Jariri ba ya ƙara nauyi: shin ana duba jikin mai jego kuwa?

Maman Walid, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ce. Idan aka kai jariri awo sau biyu a jere sikeli bai motsa ba, kowa kan yaron yake komawa: a sayo madara, a ba shi ruwa, a fara masa koko. Da wuya ka ji an ce wa uwar ya jikinki. Shin lafiyar mai jego tana shafar girman jariri da gaske? Ta wace hanya? A yi mana dalla-dalla don Allah, masu jego suna da yawa a nan.

Sista Hauwa, ungozoma, Idi-Araba:
Wa alaikumussalam Maman Walid. Tana shafa ƙwarai. Amma bari mu fara daidaita awon, domin sau da yawa hankali yana tashi a kan abin da ba matsala ba ne. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, kashi 7 cikin ɗari, wani har kusan kashi 10, sannan ya mayar da nauyin haihuwarsa zuwa kwana 10 ko 14. Wanda aka haifa da kilo 3, in ya sauka 2.8 a rana ta uku, ba komai. In ya sauka ƙasa da 2.7, ko sati biyu suka cika bai koma kilo 3 ba, nan ne za a tsaya a bincika. Daga nan zuwa wata uku ana sa ran giram 150 zuwa 200 a sati. Ƙasa da rabin kilo a wata guda alama ce cewa nono bai ishe shi ba. Wajen wata biyar yakan ninka nauyinsa biyu, a shekara ya ninka uku.

A gida babu sikeli amma akwai kunzugu. Daga rana ta biyar, fitsari sau shida ko fiye tsakanin dare da rana, mai haske, ba mai ja da wari ba. Kashi ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa. Tsotso sau 8 zuwa 12, har da na dare.

Idan waɗannan ba su cika ba, tambayoyin farko na uwa ne. Jini nawa ta zubar a haihuwa? Rana ta nawa ruwan nono ya sauko? Tana zazzaɓi? Kan nonon yana ciwo? Wa ke taya ta aikin gida? Galibi amsar tana cikin waɗannan.

Hajiya Asabe, Mile 12:
Sista, ai wannan iyayenmu sun sani tun tuni. Mai jegon da ba ta ci ta ƙoshi ba nononta tsinkewa yake, ya zama ruwa. Shi ya sa ake yin ƙauri, ake daka yaji, ake dama kunun kanwa, ake wanka safe da yamma har arba'in. A nan Legas yarinya za ta haihu a ɗaki ɗaya, uwarta na Kano ko Katsina, miji ya fita tun asuba sai dare, ita ce wanki ita ce ɗibar ruwa. Ina nono zai fito?

Malama Rabi, mai ilimin abinci, Ikeja:
Hajiya, ƙarshen maganarki gaskiya ce tsantsa. Farkon ne yake buƙatar gyara kaɗan, kuma gyaran yana da muhimmanci, domin wannan maganar ta "nonona ruwa ne" ita ke sa mata da yawa su sayi gwangwani.

Jikin mace yana fifita nono a kan kansa. Ko cin ta bai kai yadda ake so ba, matuƙar ba tamowa mai tsanani take ciki ba, za ta samar da kusan mililita 750 a yini idan yaro yana tsotso sosai. Abin da ya rasa a kwanon abinci, daga kitsenta da ƙashinta da jininta ake ɗiba. To ita ce take ƙarewa. Sinadarin ƙarfe da na ƙashi da ke cikin nono ba sa sauyawa sosai da abin da ta ci. Amma akwai waɗanda ke bin cin ta kai tsaye: bitamin A, dangin bitamin B musamman B12, da aidin. Uwar da ba ta samun nama, kifi, ƙwai ko nonon shanu na tsawon lokaci, B12 na nononta yana raguwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro tana buƙatarsa.

Batun tsinkewa kuma: nonon da ke fara fitowa a kowane tsotso fari ne tsararo, na ƙarshe ya fi kauri da maiƙo. Idan ana cire yaro bayan minti uku a sauya masa ɗaya ɓangaren, ba zai kai ga mai maiƙon ba. A bar shi ya saki da kansa, sannan a miƙa masa ɗayan.

Ƙarin da mai shayarwa ke buƙata wajen kalori 500 ne a yini, wato kwano ɗaya na abinci a kan wanda ta saba. Giram 100 na gyaɗa kaɗai ya haura haka. Kunun gyaɗa da safe, wake da manja ko alale, kifi ko da busasshe ne, ƙwai ɗaya, zogale ko alayyahu ko ugu a miya, hanta sau ɗaya a sati, gishiri mai aidin. Ruwa kuma ta ajiye kofi kusa da inda take shayarwa, ta sha duk lokacin da ta zauna. Ba sai ta ɗura wa kanta fiye da ƙishinta ba, yawan ruwa ba ya ƙara nono.

Maman Walid, Agege:
To Malama, in yunwa ba ta rage nonon sosai, ta ina rashin lafiyar uwa ke kai wa ga yaron?

Sista Hauwa, ungozoma, Idi-Araba:
Ta yawan tsotso. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ke sa ya ɓuɓɓugo. Duk abin da ya rage sau nawa ake ɗora yaro, ko ya rage tsawon zaman, zai rage nonon cikin 'yan kwanaki. Uwar da jininta ya yi ƙasa, barci ya ɗauke ta ba ta ji motsin yaro da dare ba, tsotso biyu sun tafi. Mai ciwon ɗinki ba ta iya zama, tana cire shi da wuri. Mai zazzaɓi an karɓe yaron an ba shi ruwan sukari don ta huta. Nonon da ya zauna cike yana aika wa jiki saƙo cewa a rage. Yaro ya yi kuka, a ba shi fida, ya ƙoshi ya ƙi kama nono, nono ya ƙara raguwa. Haka abin yake zagayawa har a ce ba ta da ruwan nono.

Dakta Sani, Gbagada:
Ina ƙara abubuwa uku a kan na Sista, waɗanda ke taɓa nonon kai tsaye ko da uwa tana ƙoƙarin shayarwa.

Na farko, ragowar mabiyiya. Fitar mabiyiya gaba ɗaya ne ke sa wani sinadarin ciki ya faɗi, faɗuwarsa kuma ita ke buɗe wa nono hanya a rana ta biyu zuwa ta huɗu. In guntu ya maƙale a mahaifa, nono yakan ƙi saukowa. Alamarsa: jini ja yana ci gaba da zuba da guda-guda bayan sati, ko ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, mara tana ciwo, wani lokaci da wari. Hoton ciki yana nunawa, kuma da an wanke, nono yakan zo.

Na biyu, zubar jini mai yawa. Rabin lita ko fiye a awa 24 na farko shi ake kira zubar jini bayan haihuwa, lita ɗaya kuma mai tsanani ne. A wasu matan da suka zubar har suka suma, wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke ba da umarnin yin nono yakan lalace saboda rashin jini. Irin wannan nono ba ya zuwa ko kaɗan, al'ada ba ta dawowa, ga kasala da jin sanyi. Ba shi da yawa, amma duk macen da ta zubar da jini sosai kuma sati ya wuce babu nono, kunu ba zai yi mata ba, gwajin jini take buƙata, yaron kuma a nema masa abin sha ƙarƙashin kulawar asibiti tun kafin ya bushe.

Na uku ya fi kowanne yawa: ƙarancin jini. Jiri in ta miƙe, bugun zuciya, haki a hawa bene, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. A yi awon jini, kada a tsaya ga kallon ido. Idan awon ƙarfin jini da ake kira himogulobin ya yi ƙasa da 7 wannan na kwanciya ne, ƙila har da ƙarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu a ci gaba da ƙwayar ƙarin jini da folik asid sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Wadda aka tabbatar tana da ƙarancin jini, wata uku ne aƙalla. Mata da yawa ranar haihuwa suke ajiye ƙwayar, suna ganin ta awon ciki ce kawai.

Ciwon sukari da ba a daidaita ba da haihuwa ta hanyar aiki su ma sukan jinkirta saukowar nono da kwana ɗaya ko biyu. Maganin wannan shi ne a ɗora yaro da wuri, fata da fata, a yawaita.

Malama Rabi, mai ilimin abinci, Ikeja:
A kan ƙwayar ƙarin jini, Dakta: shayi ne ke kashe mata aiki. Mai jego tana farawa da shayi mai kauri ta haɗiye ƙwayar da shi. Ganyen shayi da madara suna hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar. A ba da tazarar awa biyu, a sha ta da ruwa ko bayan lemon zaƙi ko gwaiba. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba illa ba ce. In tana tayar da zuciya a sha ta da daddare bayan ɗan abinci, kada a daina.

Hajiya Asabe, Mile 12:
Na ji duka, Allah ya saka. Amma ban ji kun taɓo wanka da kunun kanwa ba. Ko kuna so ku ce a bari? Su ne ke fitar da ɗanyen jiki, su kawo nono. Matan da ba su yi ba kullum cikin ciwon jiki suke.

Dakta Sani, Gbagada:
Hajiya, zan faɗa miki abin da aka sani ba tare da ƙari ba. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Bincike na baya-bayan nan, musamman daga Kano, ya nuna akwai wasu abubuwan da ke da hannu sosai: rashin abinci mai gina jiki, hawan jini, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Don haka ba zan ce kanwa ce kaɗai ba. Amma kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ɗaga jini. Mace da zuciyarta ta riga ta gaji, ko mai hawan jini, kofin kunun kanwa safe da yamma na kwana arba'in nauyi ne babba a kanta. Kuma babu shaidar cewa kanwar ce ke kawo nono. Geron da ruwan da hutun su ne amfanin kunun. A dama shi da tsamiya ko gyaɗa, an sami amfanin an bar haɗarin.

Alamun wannan ciwon kowa ya riƙe: haki ko tana zaune, ba ta iya kwanciya miƙe sai ta tara matashi, tari da dare, ƙafa ta kumbura in ka danna ya lotsa. Ana yawan cewa sanyi ne ya shige ta, a ƙara zafin ruwa. Wannan na asibiti ne a ranar.

Hajiya Asabe, Mile 12:
Kanwa na yarda a rage. Wanka kam ba zan ce a bari ba, Dakta.

Sista Hauwa, ungozoma, Idi-Araba:
Ba a ce a bari ba, Hajiya. Wanka da tausa da zaman hutu na arba'in alheri ne, ko don suna sa a tsaya a kula da ita. A sirka ruwan ne. Mai yi mata wankan ta sa gwiwar hannunta a ciki, in ba ta iya barinta a ciki ba, ya yi zafi. Ƙuna a baya da cinya da nono ana ganinta, kuma nonon da ya ƙone ba a shayarwa da shi cikin daɗi. Mai ɗinki a ƙasa ta zauna a ruwan ɗumi mai tsabta minti goma zuwa sha biyar, ba tafasasshe ba, kada a cusa komai, ta tsane da tsumma mai tsabta. Wadda aka yi wa aiki kada a danna mata ciki da tawul mai zafi. Mai hawan jini, mai kumburi, mai haki, mai jiri, ruwan ɗumi kawai, kuma kada a rufe ta a banɗaki ita kaɗai da tururi.

Tunda an zo nan, hawan jini ba ya ƙarewa da haihuwa. Jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka, har zuwa sati shida. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin farasitamol, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki ta dama, fuska ta kumbura: a auna jini nan take. 140 bisa 90 a ga likita, 160 bisa 110 gaggawa ce. A Legas lambar gaggawa 112 ce ko 767. Haka zazzaɓi da jinin biki mai wari, ko jinin da ke jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya. Kuma dubawar bayan haihuwa huɗu ce: cikin awa 24, rana ta uku, tsakanin rana ta 7 da ta 14, da sati shida. Yawancin mata ta sati shida kawai suke zuwa, ita ma don allurar yaro. A wannan ranar uwa ta nemi a auna jininta, ta miƙa hannu, kada ta tsaya ga katin yaro kaɗai.

Anti Maryam, ma'aikaciyar jinya, Yaba:
Akwai wanda ba a gani a sikeli ko a awon jini, kuma ina roƙon a karanta shi da natsuwa. Kuka ba dalili da saurin fushi daga rana ta uku zuwa ta biyar abu ne da yawancin masu jego ke yi, yana wucewa kafin sati biyu. Wanda ya haura sati biyu, ko ya fara daga baya, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan. An yi bincike a Pakistan da Indiya da nan kudu maso yammacin Najeriya, duk sun ga jariran irin waɗannan iyayen sun fi baya a nauyi.

Yadda yake kaiwa ga yaro a fili yake in ka zauna kusa da ita. Jariri kafin ya yi kuka yana juya kai, yana buɗe baki, yana kai hannu baki. Uwa mai lafiya tana gani ta ɗauke shi. Mai damuwa tana zaune ta zuba wa bango ido, yaron na cinyarta yana lalube, ba ta lura ba sai ya ɓarke da kuka, lokacin kuma ya gaji ba ya kama nono da kyau. Ba ta cin abinci, ba ta barci ko yaro ya yi barci, ranar awo ta wuce ba ta je ba. Ba rashin so ba ne, ba rashin godiya ba ne, ba raunin imani ba ne. Yana da magani, har da wanda ake sha ana shayarwa, kuma akwai tambayoyi goma da ma'aikaciya ke yi cikin minti biyar ta gane. A yi addu'a, a kai ta asibiti kuma. In ta ce ta gaji da rayuwa, ko tana jin tsoron za ta cutar da yaron, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya. In ta fara surutai, ta kwana biyu ba barci, tana ganin abin da babu, wannan wani ciwon ne daban mai zuwa a sati biyun farko, ga mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Ana cewa iska ce a rufe ta a ɗaki. Gaggawa ce, kuma ana warkewa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba da asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja duk suna da wannan ɓangaren.

Malam Isiyaku, Alaba Rago:
Allah ya ƙara basira. Mu maza muna karantawa. Magidanci mai ƙaramin ƙarfi, kuɗinsa ba za su kai ga komai da komai ba. Me zai fara da shi? Gwangwanin madara ko me?

Malama Rabi, mai ilimin abinci, Ikeja:
Malam, kuɗin gwangwani ɗaya a zuba su a kwanon uwar. Ƙaramin gwangwani na giram 400 ba ya wuce 'yan kwanaki ga jaririn da ya dogara da shi, shi ya sa ake tsinka shi da ruwa don ya daɗe, yaro ya rame, ga gudawa daga fida da ruwan da ba a tafasa ba. Kuɗin nan zai sayi wake, gyaɗa, ƙwai da kifi na kwanaki. Sai gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin da ake ƙoƙarin mayarwa. Sannan abin da ba na kuɗi ba: ka ɗebo ruwa kafin ka fita, ka ɗauke mata wankin kunzugu, da daddare ka miƙo mata yaron ka mayar da shi. In da hali a kawo ƙanwa ko gwaggo daga gida ko na sati uku ne.

Malam Isiyaku, Alaba Rago:
Azumi fa, idan jego ya faɗo cikin Ramadan?

Dakta Sani, Gbagada:
Hukuncin ramuwa da ciyarwa a tambayi malamai. Abin da kowa ya sani shi ne mai jinin haihuwa ba ta azumi, mai shayarwa da ke tsoron cutuwar kanta ko ɗanta kuma an yi mata rangwame. Ta fuskar lafiya: jaririn da bai kai wata shida ba, ba shi da wani abinci sai nono. In fitsarinsa ya ragu, ko nauyinsa ya tsaya, ko uwar tana da ƙarancin jini ko jiri, wannan shi ne tsoron cutuwar.

Maman Ihsan, Obalende:
Sista, ciwon kan nono fa? Wasu har jini yake yi. Kuma in nono ya kumbura ya yi ja, ana cewa ya lalace kada a ba yaro.

Sista Hauwa, ungozoma, Idi-Araba:
Tsagewar kan nono kusan kullum daga kamu ne. Yaro ya kama kan kawai yana tauna. Gyaran: cikinsa ya manne da cikinki, kunne da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, hancinsa daidai kan nonon. Ki jira ya wangale baki, sannan ki jawo shi gare ki, kada ki sunkuya ki kai masa. In ya kama daidai, haɓarsa na taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye ya fi bayyana ta sama, kumatu a cike, kina jin haɗiya. In da zafi, sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi ki sake. Bayan tsotso ki shafa ɗigon nono a kan tsagewar ki bar iska ta busar. Kada a wanke da sabulu kowane lokaci.

Kumburi da ja da zazzaɓi: nonon bai lalace ba, kuma daina shayarwa ne ke mayar da shi ƙurji. A ci gaba da ba shi ta wannan ɓangaren, a sa tsumma mai sanyi bayan tsotso, kada a murje da ƙarfi. Farasitamol ko ibufurofen ba sa cutar da yaro. In awa 24 ta wuce ba sauƙi, a je asibiti a karɓi maganin da ya dace. Turamadol da kodin kuwa mai shayarwa ta nisance su, suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni. Dakashi ma kada a matse a zubar. Cikin jariri a ranar farko bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne daidai da shi, kuma shi ne rigakafinsa na farko.

Maman Walid, Agege:
Masu komawa aiki ko kasuwa fa? A Legas mutum ya fita sai Allah, cunkoso kaɗai ya cinye awa uku.

Malama Rabi, mai ilimin abinci, Ikeja:
Ma'aikatan gwamnatin jihar Legas suna da hutun wata shida a haihuwa biyun farko. Dokar ƙwadago ta ƙasa sati 12 ta ba da, mai sana'ar kanta kuwa babu mai ba ta. Sati biyu kafin komawa ta fara koyon tatsa da hannu cikin kofi mai murfi da aka tafasa. A ɗaki yana kai awa huɗu, a zafinmu kada a wuce haka, a ajiye a wuri mafi sanyi. A firji kwana huɗu, amma wannan in wuta ba ta ɗauke ba, in ta ɗauke na tsawon lokaci lissafin ya rushe. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba. A ba shi da ƙaramin kofi, ya fi fida sauƙin wankewa. A wurin aiki ta tatsa duk awa uku ko da ba za ta iya ajiyewa ba, don kada nonon ya ja baya. Da daddare yaro zai rama, a bar shi.

Dakta Sani, Gbagada:
Kwanika ma tana cikin maganar nan. Shayarwa tana hana ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Shawarar lafiya ita ce wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, don jini da ƙarfin uwa su dawo. Ƙwayar tazara mai sinadari biyu tana iya rage nono, ba a son ta kafin wata shida ga mai shayarwa. Ƙwaya mai sinadari ɗaya, da ashanar hannu, da allurar wata uku daga sati shida, ba sa rage shi. Don haka kada a saya a kemis ba tare da an ce ana shayarwa ba. In ciki ya shiga, ba a yaye yaro rana ɗaya don tsoron nonon ciki, nonon ba guba ba ne, yayen gaggawa ne ke jefa yaro cikin tamowa. Uwa mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuma ta riƙe maganinta kullum ba fashi, ta ba da nono zalla wata shida, yaro ya sha nasa maganin, a yi masa gwaji a sati shida.

Maman Ihsan, Obalende:
To wadda nononta ya riga ya ragu, yaro ya saba da fida, an makara ke nan?

Sista Hauwa, ungozoma, Idi-Araba:
Ba a makara ba, musamman in yaron bai kai wata uku ba. A fara da gano abin da ya kwantar da uwar a yi maganinsa. Sannan ta ware kwana uku zuwa bakwai ba ta da aiki sai yaro: a ƙirjinta fata da fata, nono duk awa biyu da rana, aƙalla sau biyu da dare, ɓangare biyun duka, bayan ya gama ta tatsa na minti biyar zuwa goma. Madarar da yake sha kada a yanke ta lokaci ɗaya. A mayar da ita kofi, a ba shi bayan nono ba kafinsa ba, a haɗa ta daidai yadda aka rubuta a gwangwani, a riƙa rage kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku ana ƙirga fitsari. A auna shi kowane sati a sikeli ɗaya, tsirara, a cibiyar lafiya mafi kusa. In ya ƙi tsotso gaba ɗaya, ko jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta faɗa, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko tafin ƙafarsa ya yi ruwan ɗorawa, ba a jiran ranar awo, a tafi asibiti a lokacin, uwar ma a duba ta tare da shi.